Shawara Suna Ta Tara: A Auna Hanta Kafin a Sa Wuƙa

A matsayina na mai nazarin harshe, na daɗe da lura cewa kalma guda kan iya jefa al'umma cikin haɗari. Mu ɗauki kalmar shawara. Daga Daura har Baure, Zango, Sandamu da Mai'aduwa, da zarar idon mutum ya yi rawaya sai a ce shawara ce, a nufi mai saiwoyi. Alhali kuwa shawara suna ta tara: akwai ta ƙwayar cutar hanta, akwai ta fashewar ƙwayoyin jini irin wadda masu sikila ke fama da ita, akwai kuma wadda tsakuwa ko ƙari ke toshe hanyar da ruwan maɗaciya ke bi zuwa hanji. A wannan ta ƙarshe fitsari kan yi duhu, bayan gida ya koɗe, jiki ya yi ta ƙaiƙayi. Jiƙo ba ya buɗe ta, sau da yawa sai an yi aiki.

Wani kawuna ya yi irinta. Da likita ya ɗage ranar aiki ya ce a fara auna jini, sai dangi suka hau gunaguni, wai neman kuɗi ne. Ba haka ba ne. Idan ruwan maɗaciya bai isa hanji ba, jiki ba ya iya tsotsar bitamin K, wanda hanta ke buƙata domin haɗa sinadaran daskarar da jini. Wanda aka yanka a wannan hali, jininsa na iya ƙin tsayawa. Masanin Danmak, Henrik Dam, da ya gano bitamin ɗin ya sami kyautar Nobel ta 1943, kuma tun 1938 ake ba masu wannan cuta shi domin tsayar da zubar jini.

Saboda haka likita ke duba saurin daskarewar jini, da yawan bilirubin mai sa ido rawaya, da albumin wanda ƙarancinsa ke hana rauni warkewa, da lafiyar ƙoda, domin ita ma takan gaza bayan aiki, sannan a ɗauki hoton ciki. In an ga gyara, sai allurar bitamin K da ƙarin ruwa su riga wuƙa.

Ina kira ga gwamnatin Jihar Katsina da ta tabbatar ana samun waɗannan gwaje-gwaje a Daura cikin rahusa, kada talaka ya sayar da akuyarsa domin zuwa Katsina ko Kano awon jini kawai. Hakimai da limamai su faɗakar, likitoci kuma su yi wa dangi bayani da Hausa. Mu kuma mu daina matsa wa likita lamba, domin gaggawa aikin Shaiɗan ce. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, amin.