Burodin da ba shi da gulutin ba maganin ƙiba ba ne

Duk wanda ya bi titin Kachiya da sassafe, daga Sabon Tasha zuwa Mahuta, ya san matsayin burodi a wannan ɓangare na Kaduna. Ma'aikaci mai sammako, ɗan makaranta, direban Keke Napep, kowa da shi yake karya kumallo. Abin da ya sa na ɗauko batunsa a wannan mako shi ne wani sabon salo da ya shigo mana, wato burodi mai zaƙi da ake cewa ba shi da gulutin. Mata masu gashi a gida suna tallarsa a WhatsApp da Instagram, wani na garin shinkafa, wani na rogo, wani na acca ko kwakwa, kuma kuɗinsa ya fi na burodin da muka saba nesa ba kusa ba. Galibin masu sayensa lafiyarsu ƙalau. Teɓa ce ta dame su, suna son rage jiki, kuma magana ɗaya ce a bakinsu: "Ai wannan ba ya sa ƙiba."

Ra'ayina a fili yake. Burodin nan yana da daɗi, wanda yake da halin saye ya ci abinsa cikin farin ciki. Amma ba maganin ƙiba ba ne, kuma ina jin ciwo idan na ga mutum ya kashe kuɗin guminsa a kan fatan da ba zai cika ba.

Mu fara da sanin shi kansa gulutin. Wani nau'in furotin ne da ke cikin alkama da sha'ir da wani hatsin Turai mai suna rai. Mai son ganinsa da ido ya kwaɓa fulawa da tauri, ya bar ta ta ɗan huta, sannan ya riƙa murza ta a cikin kwanon ruwa. Ruwan zai yi fari fat, sitaci ne ke fita. A ƙarshe wani ɗan curi mai danƙo zai rage a tafin hannu, idan an ja shi ya miƙe, idan an sake shi ya koma. Wannan shi ne gulutin. Shi ke riƙe iskar da yis ke fitarwa har kwaɓi ya tashi, shi ke ba funkaso da alkubus da gurasar Kano laushin da muke so.

To idan an cire shi, da me mai gashi za ta cike gurbinsa? Garin shinkafa da sitacin rogo ko na masara ba su da danƙo, burodinsu yakan fito a bushe yana marmashewa. Don haka sai ta ƙara mai ko bota, ta ƙara ƙwai da madara, ta ƙara sukari. Ga lissafin kuwa: giram ɗaya na furotin yana ba jiki kalori 4, giram ɗaya na sitaci ko sukari shi ma 4, giram ɗaya na mai kuwa 9. Ke nan wanda ya cire gulutin ya sa sitaci bai rage komai ba, wanda ya ɗora mai a kai ma ƙari ya yi. Bugu da ƙari, irin wannan burodi ba ya tashi sosai, a cure yake, ɗan yankan da ido ke rainawa yana iya fin babban yankan burodin fulawa nauyi. Tataccen sitaci kuma saurin narkewa gare shi, sukarin jini ya hau da wuri, yunwa ta dawo da wuri.

Akwai mutanen da wannan abinci ya zame musu magani na gaske, kuma bai kamata a yi wasa da lamarinsu ba. Su ne masu cutar siliyak, wadda ke sa garkuwar jiki ta far wa ƙaramin hanji da zarar gulutin ya shiga. Alamunta sun haɗa da zawo mai naci, kumburin ciki, rama, ƙarancin jini, da tsumburewar yaro. Wani likitan yara ɗan ƙasar Holan, Willem Dicke, shi ya tabbatar da alaƙarta da alkama. A lokacin yunwar da ta afka wa ƙasarsu a 1944 zuwa 1945, burodi ya yi ƙaranci, sai yaran da ke fama da cutar suka samu sauƙi, da alkama ta dawo kuma ciwo ya dawo. Ana ƙiyasta cewa kusan mutum 1 cikin 100 a duniya yana da ita. Kada kuma mu ce cutar Turawa ce, domin binciken da aka wallafa a 1999 kan yaran Saharawi na Yammacin Sahara ya same ta a jikin fiye da 5 cikin 100.

Ga abin da ya kamata mai neman rage jiki ya tsaya ya duba: mai wannan cuta idan ya daina cin gulutin, hanjinsa kan warke, abinci ya fara kama jikinsa, sau da yawa ƙiba yake yi. Abincin da likita ke ba ramamme don ya murmure, shi wasu ke saye don su rame. Wanda yake zargin yana da cutar ya je ya ga likita, ko a Barau Dikko ko a asibitin koyarwa na Shika, kuma kada ya daina cin alkama kafin a gwada shi, domin dainawar tana ɓoye cutar daga gwajin.

Daga ina zaton cewa barin gulutin yana rage ƙiba ya samo asali? Daga Amurka da Turai ya taso. A 2011 wani likitan Amurka, William Davis, ya fitar da littafin Wheat Belly yana ɗora wa alkama laifin tumbi, a shekarar ce kuma ɗan wasan tanis Novak Djokovic ya lashe manyan gasa uku bayan ya bar cin gulutin. Daga nan kamfanoni suka ga kasuwa. Gaskiya ne wasu sun rame da suka bar alkama, amma dalilin ba ɓoyayye ba ne: sun bar kek da biskit da cincin da fanke da taliya a lokaci guda. Yawan abin da ke shiga ciki ne ya ragu.

Mu a nan ma ba mu bukatar hujja daga waje. Tuwon dawa, tuwon masara, fura, kunun gero, acca, doya, ƙosai, alale, sinasir, babu mai gulutin a cikinsu muddin ba a haɗa da fulawa ba. Ku tsaya gaban mai masa da safe ku kalli hannunta: kowane gurbi na tanda sai ta ɗiga masa mai kafin ta zuba ƙullu, ta juya, ta sake ɗigawa, mai saye kuma ya ce, "Mama, a barbaɗa mini sukari." Masar shinkafa ba ta da gulutin ko ƙwayar zarra, amma wa zai ce mai cin goma kullum zai rame? Abin da muka sani game da masa, shi ne gaskiyar wannan burodi. Ita kuwa accar da ake nomawa a Kudancin Kaduna da Filato, yau ƙunsa ta ake yi ana sayarwa da tsada a kantunan Turai da Amurka, Majalisar Ɗinkin Duniya ma ta keɓe shekarar 2023 don gero da danginsa. Abin da wasu ke nema da dala, mu da mudu muke aunarsa a kasuwar Sabon Tasha.

To yaya mai kula da nauyinsa zai ci wannan burodi bai cuci kansa ba? Ya ɗauke shi a matsayin kayan marmari, ɗan uwan kek, ba abincin kullum ba. Yanka ɗaya ko biyu sun isa, a haɗa da dafaffen ƙwai ko alale ko gyaɗa don ciki ya riƙe. Tunda burodin yana da zaƙinsa, a sha shayin ba sukari. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2015 cewa sukarin da ake ƙarawa kada ya kai kashi 10 cikin 100 na kalorin yini, wato kamar ƙaramin cokali 12 ga babba, in an tsaya a 6 ma ya fi. Kofi ɗaya a teburin mai shayi, da sukarinsa da madarar gwangwani mai zaƙi, yana iya cinye babban rabo daga wannan tun rana ba ta ɗaga ba. A kuma taka ƙasa: tafiya mai ɗan sauri ta minti 150 a mako ita hukumar ta ce a yi, wato rabin awa sau biyar. Mai son sanin inda ya tsaya ya samu zare ya auna tsayinsa, ya ninke zaren gida biyu, ya zagaya cikinsa daidai cibiya. Idan zaren bai haɗu ba, lokacin gyara ya yi.

Ina da kira ga 'yan uwana mata masu wannan sana'a. Sana'arku halal ce, kuma kuna buɗe wa acca da rogo da shinkafarmu kasuwa. Amma ku rubuta abin da kuka zuba a jikin leda, har da yawan sukari da mai, ku daina kiransa burodin rage ƙiba. Ku sani kuma ƙa'idar duniya ita ce abin da za a ce ba shi da gulutin kada ya wuce miligiram 20 a kilo ɗaya, don haka kwanon da aka kwaɓa fulawa a ciki da rariyar da aka tankaɗe ta sun isa su kwantar da mai siliyak. NAFDAC, wadda ta yi tsayin daka wajen yaƙar sinadarin buromet a gidajen burodi zamanin shugabarta Dora Akunyili, ya kamata ta waiwayi waɗannan iƙirari da ake bazawa a waya. Kafin ta waiwayo, kai mai saye ka riƙa tambaya kafin ka miƙa kuɗinka: cokali nawa na sukari ke ciki, kuma mai nawa aka zuba?