Kuɗin ƴan ci-rani: zanen aro ne, a yi tanadi

Duk mai sayar da cimaka a kasuwannin Tawa, Maraɗi ko Damagaram ya san wannan magana: "Ki rubuta, idan saƙo ya iso zan biya." Saƙon da ake nufi shi ne kuɗin da maigida, ko ɗa, ko ƙane yake aikowa daga Abijan, Legas, Libiya ko Aljeriya. To, wane matsayi waɗannan kuɗi suke da shi a tattalin arziki, kuma har ina ɗan kasuwa zai iya jingina da su?

Bankin Duniya ya ƙiyasta cewa a shekara ta 2024 ƴan ci-rani sun aika wa ƙasashe masu tasowa kimanin dalar Amurka miliyar 685. Wannan adadi ya zarce taimakon da ƙasashe masu arziki ke bayarwa nesa ba kusa ba. A Tajikistan kuɗin sun kai kashi 45 cikin ɗari na arzikin da ƙasar ta samar a shekarar. A Gambiya sun haura kashi 20, a Senegal suna wajen kashi 10. Maƙwabciyarmu Najeriya kuwa ta samu sama da dala miliyar 19 a 2023.

A nan Nijar, abin da ke shiga lissafin hukuma bai kai na waɗannan ƙasashe ba. Sai dai lissafin yana ganin abin da ya bi ta banki ne da kamfanoni irin su Al Izza, Nita da Amana. Abin da direba ya ɗauko a aljihu, ko wanda aka ba ɗan kasuwa a Kano ɗan uwansa ya biya a Maraɗi, ba ya shiga ciki.

Amfanin kuɗin nan a fili yake. Suna faɗawa hannun iyali kai tsaye, galibi lokacin da rumbu ya ƙare kuma sabon hatsi bai nuna ba. Tiyar hatsi, magani, kayan lakwal, suna da biki, duk daga nan suke fitowa, kuma a ƙarshe teburin ƴan kasuwa suke komawa.

Amma fa zanen aro ba ya rufe katara. Ƙarfin waɗannan kuɗi yana rataye ne da halin da ƙasashen wasu suke ciki. Yaƙin da ya ɓarke a Kodibuwa a 2002 ya girgiza gidaje da yawa a jihar Tawa. A 2011, rikicin Libiya ya koro dubban ƴan ƙasarmu gida hannu rabbana: mai aikowa ya koma mai jiran a zuba masa tuwo.

Misali mafi kusa shi ne na naira. A farkon 2023, jika guda ta sefa ba ta kai naira 1,300 ba a wajen ƴan canji. Bayan da Najeriya ta saki farashin kuɗinta a watan Yunin shekarar, a 2024 jikar ta kai wajen naira 2,500. Ke nan naira 50,000 da a da take ba iyali kusan jika 40, ta koma jika 20. Gumin mai aikowa bai ragu ba, cefanen gidansa ne ya rabu biyu. Ga kuma ladan aike: a 2023, tura dala 200 zuwa ƙasashen Afirka na kudu da Sahara yana cin kusan kashi 8 cikin ɗari, alhali burin Majalisar Ɗinkin Duniya shi ne a sauko da shi ƙasa da kashi 3 kafin 2030.

Saboda haka, ƴan uwa ƴan kasuwa, musamman iyayenmu mata, kafin ku ba da bashi a kan saƙo, ku san daga wace ƙasa yake zuwa, da kuma wane kuɗi. Masu karɓa su kuma su riƙa cire wani abu, komai ƙanƙantarsa, su sa a adashe, ko tunkiya, ko buhun wake a lokacin kaka. Magabata kuma su matsa a rage ladan aike, domin duk dalar da ta tsira daga hanya, a kasuwanninmu za a kashe ta.