Tsara Matanin Hausa Domin Wayar Hannu: Kira Ga Manazarta

Tun a 1965 Ted Nelson ya bayyana tunanin rubutu mai rassa, wanda mai karatu zai taɓa kalma ta kai shi ga wani matani, ko sauti, ko hoto. A yau wannan fasaha tana cikin aljihun ɗalibanmu, domin akasarinsu da wayar hannu suke shiga intanet. Sai dai har yanzu mujallunmu shafin takarda suke ɗorawa a sigar PDF, ɗalibi ya yi ta jan rubutu hagu da dama kafin ya kai ƙarshen layi.

A ganina, babu fagen da wannan sakaci ya fi cutarwa kamar nazarin Hausa. Rubutunmu na yau da kullum ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali. "Gari" na zama da "gari" na tuwo siffarsu ɗaya a takarda, haka "kuka" na hawaye da "kuka" ta miya. Bargery ya sha wahalar sanya alamomi a ƙamusunsa na 1934 domin takarda ba ta magana. Waya kuwa tana magana. Me zai hana kowace kalma a Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero ta zo da furucinta? Haka waƙar Narambaɗa ko ta Shata: matani ba kiɗa ba amshi rabin waƙa ne. Kamata ya yi kowane ɗiya ya haɗu da sautinsa, sharhi kuma ya ɓuya sai an taɓa.

Tsarin yana da sharuɗɗa. Rubutu ya riƙa bin faɗin allon waya. Haruffa masu lanƙwasa su kasance na Unicode, kuma ma'adanar ta gane "kasa" idan mai nema ya rasa ƙ a madanninsa, ta nuna masa har da "ƙasa". Ajami ya fito daga dama zuwa hagu da wasullansa cikakku. Sauti ya zama mara nauyi, mai saukuwa sau ɗaya a saurara ba intanet, saboda tsadar data da ƙarancin lantarki.

Wannan aiki ba na injiniyoyi kaɗai ba ne. Injiniya bai san inda ɗiyan waƙa ya ƙare ba. Manazarci ne ya sani. Ya dace sassan Hausa su sa wannan tsari cikin manhajarsu, mujallu kuma su fara karɓar maƙala tare da sautinta.