Dutse Ma Littafi Ne

Jama'a, ina da shawara a kan koyon labarin ƙasa. Ra'ayina shi ne, kada ɗalibi ya bar kwalejin nan sai ya fita daji da guduma, ya karanta dutse da idonsa. Gani ya kori ji.

A cikin 1912 Kyaftin Scott na Ingila da mutanensa suna komowa daga ƙuryar kudancin duniya, inda babu kome sai ƙanƙara. Ga yunwa, ga sanyi, amma suka tsaya gindin wani tsauni suka tsinci duwatsu wajen kilo 16, suka yi ta ja har ajali ya same su. Da aka duba duwatsun nan, sai ga hoton ganye a jikinsu, irin wanda aka samu a duwatsun Indiya da Afirka ta Kudu. Watau ƙasar ƙanƙaran nan dā kurmi ce, kuma a haɗe take da waɗannan ƙasashe.

To, mu ba sai mun sha wannan wahala ba. Duwatsun Gwagwalada da na Zuba masu tauri ne, irin Dutsen Zuma. A can cikin ƙasa suka ƙanƙare da zafi, saboda haka ba a samun alamar mai rai a cikinsu. Amma a bi hanyar Lakwaja, a doshi Abaji. Inda aka datse tudu don hanya, sai ka ga dutsen yashi da na laka hawa hawa, kamar an jera tabarmi. Ruwa ne ya shimfiɗa su fiye da shekara miliyan 65 da suka wuce. Masana sukan sami ramukan ƙananan halittun ruwa a cikin irin waɗannan duwatsu. Mai ramin ya ruɓe tuni, ramin ya zama dutse ya zauna shaida.

A ƙasar Sakkwato ma haka. An haƙo ƙasusuwan wata babbar dabbar teku, har aka raɗa mata suna da sunan Goronyo. Farar ƙasar Kalambaina da ake yin siminti da ita, a ƙarƙashin teku ta taru.

Wani zai ce, mene ne amfanin wannan ga malamin firamare? Amfani kuwa babba. Dutsen yashi yana riƙe ruwa, dutse mai tauri kuwa sai a tsagarsa ake dacewa. Malamin da ya san bambancin nan zai iya fahimtar da mutanen ƙauye kafin su zuba kuɗinsu a rijiyar da ba ruwa. Wanda kuwa a allo kaɗai ya ga dutse, abin da zai ba yara hadda ce.

Saboda haka ina roƙon hukumar kwaleji ta ware mana rana guda kowane zango, da mota guda. Guduma da littafin rubutu, mu za mu kawo. Allah Ya sa a duba.