Davao: Birnin da ya zaɓi magajin gari da ke tsare a Hague

A ranar 12 ga Mayun 2025 mutanen Davao da ke kudancin ƙasar Filifin suka zaɓi Rodrigo Duterte a matsayin magajin garinsu da gagarumin rinjaye. A lokacin yana tsare a birnin Hague, inda Kotun Hukunta Manyan Laifuka ta Duniya ke zarginsa da laifin cin zarafin bil'adama. Ɗansa Sebastian, wanda ya ci kujerar mataimaki, shi ya riƙe ofishin.

Da sauƙi a ce masu zaɓen sun ruɗe. Ni kuwa ina ganin suna da dalilinsu, sai dai dalilin ya kai su ga haɗari.

Davao na kan tsibirin Mindanao, a bakin teku. Faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 2,400, wanda ya sa ya fi kowane birni a ƙasar girman ƙasa. Mafi yawansa gonakin ayaba ne da dazuka da tsaunuka, har zuwa gindin Dutsen Apo, mafi tsawo a Filifin. Ƙidayar 2020 ta nuna yana da mutum kusan miliyan 1.8, wato na uku bayan Quezon da Manila. An kasa shi unguwanni 182 da ake kira barangay, kowace da zaɓaɓɓen shugabanta, sannan ga magajin gari da majalisar kansiloli a sama.

Riƙe wuri irin wannan ba wasa ba ne. A shekarun 1980 'yan tawayen kwaminisanci da 'yan banga sun mayar da titunansa filin daga. Duterte, tsohon lauyan gwamnati, ya zama magajin gari a 1988. A zamaninsa aka hana shan taba a bainar jama'a, aka hana wasan wuta, aka kafa layin kiran gaggawa na 911. Wanda ya ga jiya, ya kuma ga yau, ba zai yi saurin juya wa mutumin baya ba.

Amma zaman lafiyar ya zo da jini. A 2009 ƙungiyar Human Rights Watch ta fitar da rahoto kan wasu 'yan bindiga da suka riƙa kashe waɗanda ake zargi da ƙananan laifuka, har da yaran titi, ba tare da shari'a ba. Kashe-kashen Davao na cikin abin da kotun Hague ke bincike a kai.

Sai kuma batun gado. Dokar ƙasar ta ba magajin gari wa'adi uku a jere, kowane na shekara uku. Da wa'adin Duterte ya cika a 2010, 'yarsa Sara ta hau kujerar, shi kuma ya koma mataimakinta. A 2013 ya dawo. Da ya zama shugaban ƙasa a 2016 Sara ta sake karɓa, a 2022 ta miƙa wa Sebastian ta tafi ta zama mataimakiyar shugaban ƙasa. Tun 1988, shekara uku kacal wani daga wajen gidan ya yi a kujerar, daga 1998 zuwa 2001.

Kundin tsarin mulki na 1987 ya ce a hana mulkin gado, amma ya bar wa majalisa aikin rubuta dokar. Shekara da shekaru majalisar, wadda 'ya'yan manyan gidaje suka cika, ta yi ta jan ƙafa. Wa zai sare reshen da yake zaune a kai?

Magoya baya za su ce ai jama'a ne suka zaɓa. Gaskiya ne. To amma idan kwangila da aikin gwamnati da tallafin unguwa duk sun bi ta ƙofa ɗaya sama da shekara 30, ta ina ɗan hamayya zai tsiro? Wane kansila ne zai tambayi yadda aka kashe kuɗi?

Tsaron da ya rataya a kan gida ɗaya aro ne. Abin da Davao ke buƙata shi ne 'yan sanda da ke kai mai laifi gaban alƙali, da kansilolin da ke iya cewa a'a, da dokar da za ta hana uba miƙa wa ɗa kujera. Idan birni mai mutum kusan miliyan biyu ya rasa wanda zai amince wa sai wanda ke kurkuku a wata nahiya, to an gina sunan gida, ba a gina hukuma ba.