A Bar Kuyanga Ta Zauna Kuyanga

Duk wanda ke bin littattafan da ake sakewa shafi-shafi a Wattpad da zaurukan WhatsApp ya san labarin nan tun kafin ya buɗe shi. Akwai Yarima kyakkyawa, miskili, wanda bai cika magana ba. Akwai kuyanga mai kai masa abinci tana rawar jiki. Akwai Fulani mai makirci da bokanta, da gimbiyar da aka yi masa baiko da ita. Sai a ja mu shafi ɗari, a ƙarshe a gano wani tambari a kafaɗar kuyangar: ashe 'yar sarki ce da aka sace tun tana cikin zanin goyo. Sai biki.

Ba mu da faɗa da soyayya. Mu ne muka karanta In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino har bangonsa ya yage, kuma mun san littattafan nan su suka riƙe karatun Hausa a hannun mata da matasa. Faɗanmu da tambarin kafaɗar nan ne. Abin da yake gaya wa mai karatu shi ne yarinyar ba ta cancanci Yarima ba sai da aka wanke ta daga bauta, aka nemo mata jinin sarauta. Da ta tabbata baiwa 'yar baiwa, da babu aure. To a ƙasar da har gobe ake fasa aure saboda an bincika asali an ce kakan yaro bawa ne, ko wanzami, ko mahauci, marubucin da ya warware labarinsa ta wannan hanya ya goyi bayan masu fasa auren, ko ya sani ko bai sani ba.

Sannan masarautun da ake ƙagowa ba su da ƙasa. Babu sunan gari, babu zamani, babu talakan da ke biyan haraji. Fadar ta fim ɗin Indiya ce, tufafin na Turkiyya, yangar kuma irin ta Bridgerton. An dai ɗora musu alkyabba.

Za a ce mana ai nishaɗi ne, ba darasin tarihi ba. Mun ji. Amma wa ya ce gaskiyar ba ta da daɗi? Mu a nan Karaye da Rogo ba sai mun yi aro ba. A yankin Zarewa ta ƙasar Rogo Baba mutuniyar Karo ta tashi, wadda Mary Smith ta rubuta labarin rayuwarta daga bakinta, aka buga a 1954. Baba ta ga rinjin bayi na gidansu, ta ga zamanin da mahara ke kama mutane sai an kai fansa, ta ga zuwan Turawa. An yi mata auren zumunta da Duma alhali ba ta son sa, ta fita, ta auri Malam Maigari. Aure huɗu ta yi, ba ta taɓa haihuwa ba. Wace ƙagaggiyar gimbiya ce ta kai wannan matar labari?

Ita ma sarautar ba kayan ado ba ce da za a jingina a bayan masoya. A idonmu aka ɗaga Karaye zuwa masarauta mai daraja ta ɗaya a 2019, aka rushe a 2024, aka dawo da ita da daraja ta biyu a cikin shekarar. Mun ga yadda rawani ke hawa da sauka, da yadda gidaje ke girgiza a ƙarƙashinsa. Auren gidan sarauta lissafi ne na mulki, kuma sa-ɗakar da ta haifi sarki ba a tambaye ta ko tana so ba. Tun 1934 Abubakar Tafawa Ɓalewa ya nuna a Shaihu Umar cewa Hausa na iya kallon bauta ido da ido.

Don haka muna kira ga marubutanmu: ku ci gaba da ba mu Yarima, amma ku ba shi gari da shekara. Ku je ku zauna da tsofaffin Zarewa da na Karaye tun suna raye. Kuma in Yarima ya ga kuyanga ya ce yana so, ku bar ta a kuyangarta, mu ga ko zai iya tsayawa a gaban mahaifinsa ya maimaita.