Arzikin da ke kwance a fadamun Batsari da Safana

Tun da aka janye tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, da wuya in halarci taron masana ba a tayar da zancen biyodizil ba, wato man injin da ake sarrafawa daga man tsirrai irin su cin-da-zugu. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, duk kilo 10 na biyodizil yakan bar kusan kilo 1 na gurɓataccen gilisarin. Tace shi akwai tsada, zubar da shi kuma ɓarna ce ga muhalli.

Maganin wannan matsala a cikin ƙasa yake. A shekarun 1890, masanin Daular Rasha Sergei Winogradsky ya ware wata ƙwayar bakteriya daga ƙasa, wadda a yau ake kira Clostridium pasteurianum. Idan aka rufe ta a tulun da babu iskar oksijin, aka ba ta gilisarin, sai ta tsima shi kamar yadda madara ke zama nono a ƙwarya. Abin da ke fitowa ya haɗa da butanol, wanda ƙarfinsa ya fi na etanol kusa da na fetur, da wani sinadari da ake zaren tufafi da shi. 'Yar'uwarta Chaim Weizmann ya yi aiki da ita a Jami'ar Manchester, har Ingila ta samu asiton na haɗa albarushi daga masara a Yaƙin Duniya na Ɗaya.

Aikin ba shi da sauƙi. Butanol guba ne ga ƙwayar da ke yin sa, shi ya sa bai cika kai kashi 2 cikin 100 na ruwan tulun ba, raba shi da ruwa kuma yana cin makamashi. Don haka masana ke ta neman nau'in da ya fi juriya, kuma a cikin laka ake neman sa.

A nan damuwata take. Bara wani ɗalibina ya nemi ya ɗebo lakar fadama daga ƙauyensu a Safana, mahaifinsa ya hana shi, ni ma ban ga laifin dattijon ba. Inda manomin rogo a Batsari ke shiga gonarsa da fargaba saboda 'yan bindigar Dajin Rugu, wa zai tura yaro da cokali da kwalba? Muna lissafa asarar rayuka da shanu da hatsi, amma ba mu taɓa lissafa ilimin da aka hana mu tonowa ba.

Ga Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma a maƙwabtaka, ga Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua a Katsina. Shawarata ita ce su haɗa hannu su buɗe ma'ajiyar ƙwayoyin ƙasar Katsina, su koya wa malaman gona da ke zaune a garuruwan nan yadda ake ɗibar samfur a rufe shi a aiko. Abin da aikin ke bukata a farko bai wuce kwalabe da firji da wutar sola ba. Idan muka ce sai daji ya lafa za mu fara, ɗaliban da za su yi aikin sun riga sun kama wata sana'a.